Nauyin “I” a Gaban Alƙali

Babu kalmar da ta fi “i” sauƙin furtawa, kuma kaɗan ne suka kai ta nauyi da zarar ta shiga kundin shari'a. A kasuwa ko a tsakar gida, mutum yakan ce “i” yana nufin ya yarda, ko ya ji, ko kuwa yana son a ƙyale shi ya kama gabansa. Abokin maganarsa yana gane wacce ake nufi daga murya da fuska da abin da ya gabata tsakaninsu. Kundin kotu ba ya ɗaukar murya, ba ya ɗaukar fuska. Abin da yake shiga cikinsa “i” ce guda ɗaya, kuma daga wannan lokaci ta zama amincewa wadda za a iya gina hukunci a kanta. Idan hukuncin na raba uwa da ɗanta ne, to sanin ko wadda ta amsa ta gane abin da aka tambaye ta ya zama batun rayuwar mutum biyu.

A Ingila da Wales, dokar yara ta 1989 ta ba ƙaramar hukuma ikon kai iyaye gaban kotun iyali idan tana ganin yaro yana cikin haɗari. Sashe na 31 na dokar ya gindaya sharaɗi: alƙali ba zai danƙa yaro a hannun hukuma ba sai an tabbatar cewa yana shan mummunar cutarwa, ko akwai yiwuwar ya sha ta, saboda irin kulawar da yake samu a gida. Iyaye suna samun lauya kyauta a irin wannan shari'a, yaron ma yana da lauyansa da wakilin da yake duba maslaharsa. Tun daga 2014 doka ta ce a kammala shari'ar cikin mako 26, domin wata shida a rayuwar jariri lokaci ne mai tsawo. Mafi tsananin abin da alƙali zai iya yankewa shi ne a ba wasu mutane yaron su mai da shi ɗansu har abada, ko da iyayensa ba su yarda ba. Wannan ya sha bamban da riƙon da Bahaushe ya sani, inda gwaggo ko kaka take ɗaukar yaro ya tashi a hannunta yana sane da gidan ubansa. A can doka tana yanke dangantakar ne baki ɗaya, a ba yaron sabuwar takarda mai ɗauke da sunan sababbin iyaye. Saboda tsananin abin ne Kotun Ƙolin ƙasar ta jaddada a 2013 cewa ba a kaiwa ga wannan mataki sai idan babu wata hanya da za ta biya buƙatar yaron.

Iyayen da ake kawowa gaban waɗannan kotuna, da yawansu masu rauni ne tun kafin su shigo. A wani bincike da Tim Booth da Wendy Booth na jami'ar Sheffield suka yi tare da David McConnell, wanda ya fito a 2005, sun duba fayilolin wasu kotuna a arewacin Ingila, suka tarar kusan kashi 15 cikin ɗari na shari'un sun shafi uwa ko uba mai raunin koyo da fahimta, alhali irin waɗannan mutane kaɗan ne ƙwarai a cikin jama'a. Ga kuma kurame, da masu fama da ciwon damuwa, da matan da dukan miji ya bar musu tsoron duk wata murya mai ƙarfi.

Ana sakaya sunayen iyaye da yara a waɗannan shari'u, idan an buga hukunci sai a sa harafi a madadin suna. Saboda haka uwar da za a bi labarinta a nan ba ta da suna, irinta ce ake gani kowane mako a kan bencin kotunan iyali. Shekarunta 23, haifaffiyar wani gari ce a arewacin Ingila, Turanci ta sha a nono kuma ba ta jin wani harshe bayansa. Ɗanta yana da wata tara. Ta gama makaranta ba tare da ta iya karanta doguwar wasiƙa ta riƙe abin da ke cikinta ba, kuma tun tana ƙarama ta koyi ɓoye wannan. Takan yi murmushi, ta gyaɗa kai, ta maimaita kalmar ƙarshe da aka faɗa mata. Wanda ya yi hira da ita minti biyar a tashar mota ba zai lura da kome ba. Abin da hukuma ta zarge ta da shi kuwa ba ƙarami ba ne: ta tsallake ranakun awon jariri a asibiti, nauyin yaron ya ragu, kuma ta bar wani mutum da aka gargaɗe ta a kansa yana shiga gidanta, bayan ta sa hannu a kan yarjejeniya cewa ba za ta bari ba.

A zaman farko kowace kalma da ta ji ta san ta, amma ba ta san abin da ake yi da ita ba. Kalmar da dokar Ingila take amfani da ita ga karɓe yaro daga hannun iyaye ita ce dai kalmar da uwa take amfani da ita ga renon ɗanta, wato kulawa. Da ta ji ana maimaita “umurnin kulawa na wucin gadi”, sai ta ɗauka alƙali zai umurce ta ne ta ƙara kula da yaron, kuma ta ga babu laifi a cikin haka. Sharaɗin sashe na 31 kuwa lauyoyi suna kiransa da kalmar da a Turancin gida take nufin dokin ƙofa, sai ta riƙa jin ana cewa an tsallake dokin ƙofa, tana tunanin maganar mutumin nan ake yi da shigowarsa gidanta. An miƙa wa lauyarta tarin takardu wanda ƙa'ida ta ce kada ya wuce shafi 350 sai da izinin alƙali, kuma ya kusa kai hakan. A lungun kotu, cikin ƴan mintoci kafin a shiga, lauyar ta yi mata bayani gwargwadon iyawarta, ta tambaye ta ko ta gane. Ta ce “i”. A yammacin ranar aka ɗauki yaron zuwa gidan masu riƙo, ita kuwa ta zo da kwalbar madararsa a jaka tana jiran su koma gida tare.

Kukan da ta yi a ranar ne ya sa lauyar ta yi abin da ya kamata a fara da shi. Maimakon ta sake tambayarta ko ta gane, sai ta ce ta faɗa mata da bakinta abin da alƙali ya yanke. Ta kasa. Daga nan aka nemi masanin halayyar ɗan Adam ya auna fahimtarta, shi kuma ya ba da shawara a nemo mata wata irin ma'aikaciya da kotunan Ingila suke kira da sunan da ma'anarsa ita ce ta tsakiya. Da yake “mai shiga tsakani” a Hausa mai sulhu ne, za a kira ta a nan mai sada magana.

Aikin bai daɗe a duniya ba. Sashe na 29 na wata dokar shaida ta 1999 ne ya fara ba da damar a yi wa shaida mai rauni tambayoyi ta hannun irin wannan ma'aikaci a shari'ar laifi, aka kuma fara gwada tsarin a 2004. Da yawa daga cikin masu yinsa sun fito ne daga ƙwararrun da suke magance matsalolin furuci da harshe. Kotunan iyali sun daɗe suna aron tsarin ba tare da tsayayyar ƙa'ida ba, sai a watan Nuwamban 2017 aka ƙara wani babi a cikin dokokin gudanar da shari'ar iyali, wanda ya ɗora wa alƙali nauyin duba ko rauni zai rage wa wani ikon bin shari'arsa ko ingancin shaidarsa, da ɗaukar matakin da ya dace. Daga Afrilun 2022 hukumar gudanar da kotuna ta shirya kwangiloli na musamman domin samar da waɗannan ma'aikata.

Mai sada magana ba tafinta ba ce, domin harshe ɗaya ake yi a ɗakin. Ba ta kare uwar, wannan aikin lauya ne, kuma ba ta ba da shaida a kan ko uwar ta iya reno. Kotu take yi wa aiki, kuma ba ta da ɓangare. Wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure ya ga sankira yana ɗaga murya yana maimaita abin da waliyyai suka faɗa a hankali, cikin Hausar da kowa yake ji, domin shaidu su shaida. Aikin mai sada magana ya yi kusa da wannan, sai dai sankira ya gama nasa idan magana ta kai kunne, ita kuwa nata yana farawa ne daga nan.

Ta zauna da uwar kusan awa uku a ofishin lauya, ba su taɓa maganar shari'a ba ko sau ɗaya. Hira suka yi a kan abinci da shirye-shiryen talabijin da hanyar zuwa kanti, tana sauya ginin jimlolinta a hankali tana lura da inda fahimta take yankewa. Ta tarar uwar tana riƙe muhimman kalmomi uku ko huɗu a jimla ɗaya, abin da ya wuce haka yana zubewa. Ta tarar “kafin” da “bayan” suna rikita ta idan jerin gangunan jimla ya saɓa wa jerin aukuwar abubuwa: a wurinta abin da aka fara ambata shi ya fara faruwa, dabarar da Eve Clark ta nuna tun 1971 cewa yara suna bi yayin koyon waɗannan kalmomi. Jimlar Turanci da take sa wanda aka yi wa aiki a gaba, ta tura mai aikin baya, tana juya mata ma'ana, sai ta ɗauki na farko a matsayin aikau. Sannan ta yi mata gwaji mai sauƙi. Uwar ta riga ta faɗa mata cewa da ƙafa ta zo. Bayan ɗan lokaci sai ta ce mata, “A mota kika zo yau, ko ba haka ba?” Uwar ta yi murmushi ta ce “i”.

Wannan “i” ba ƙarya ba ce. Tun shekarun 1980 masanin halayyar ɗan Adam Gisli Gudjonsson ya yi ta auna yadda tambaya mai ɗauke da amsarta, da matsin lambar mai tambaya, suke sauya abin da mutum yake faɗa, kuma masu raunin fahimta suna cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Ɗalibin harshe yana iya kallon al'amarin ta wata fuska. Grice ya bayyana cewa hira tana tafiya ne bisa zaton haɗin kai tsakanin masu yinta. Uwar ta shiga kotu da wannan zato, tana ɗaukar duk mai tambaya a matsayin mai neman sani, wanda ya kamata a faranta masa. Lauyan da yake yi wa shaida tambayoyin ƙure kuwa ba sani yake nema ba, ya riga ya san amsar da yake so. Sigar maganarsa tambaya ce, aikin da take yi kuwa zargi ne, irin bambancin da Austin ya koyar tsakanin abin da aka furta da abin da aka aikata da furucin. Mai ilimi yana ganin tarkon ya kauce. Ita tana ganin mutum mai kwat yana jiran amsa, sai ta ba shi wadda fuskarsa take nema.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ranar shaida alƙali ya kira zama na musamman domin gindaya ƙa'idojin tambaya, aka bi rahoton mai sada magana ɗaya bayan ɗaya. Aka amince a riƙa hutu bayan kowane minti talatin, kowace tambaya ta ƙunshi abu ɗaya, a bar tambaya mai jela irin ta “ko ba haka ba”, a riƙa kiran mutane da sunayensu maimakon wakilin suna, kuma lauyoyi su rubuto tambayoyinsu tun da wuri a duba su. A gaban uwar za a ajiye katuna uku: “ban gane ba”, “ban tuna ba”, “ina son hutu”. Aka zana mata dogon layi a takarda mai nuna watanni, aka sa alamar haihuwar yaron da Kirsimeti da ranar da aka ɗauke shi, domin kwanan wata a baki ba ya gaya mata kome.

Daga cikin tambayoyin da lauyan hukuma ya rubuto akwai wannan: “Duk da cewa an gargaɗe ki fiye da sau ɗaya, kuma kin sa hannu a kan yarjejeniya, ba ki musanta cewa kin ci gaba da barin mutumin nan yana shiga gidanki alhali yaron yana ciki ba, ko ba haka ba?” A cikin wannan jimla akwai da'awa huɗu: gargaɗi, sa hannu, shigar mutumin, da kasancewar yaron a gida. Akwai korewa biyu, ɗaya a fili, ɗaya a ɓoye cikin aikatau “musanta”. Ga jela a ƙarshe, ita ma korarriya. Idan mai amsa ta ce “i”, wanne ta amsa? Ko mai cikakkiyar fahimta sai ya tsaya ya yi lissafi. Amsar korarriyar tambaya dama wuri ne da harsuna suke rabuwa: Bahaushe da aka ce masa “Ba ka je ba?” yakan ce “I, ban je ba”, yana gaskata mai tambaya, Baturen Ingila a nan “a'a” zai ce, Bafaranshe kuwa ya tanadi kalma ta uku domin rushe korewar. A cikin harshe ɗaya ma, gajiya da tsoro suna isa su sa mutum ya rasa wace ƙa'ida yake bi.

Mai sada magana ba ta da ikon hana lauya yin zarginsa, kuma ba ta nemi haka ba. Ta zauna da shi suka warware jimlar ta koma tambayoyi shida: “Kin san mutumin nan?” “Ya zo gidanki bayan Kirsimeti?” “Sau nawa ya zo?” “Ina yaron yake lokacin da ya zo?” “Wa ya buɗe masa ƙofa?” “Me takardar da kika sa wa hannu ta ce a kansa?”

Ranar shaida ta zauna kusa da uwar, inda alƙali yake ganin su duka biyu. Sau biyu kawai ta ɗaga hannu. Na farko ta ce, “Mai shari'a, tambayar ta haɗa lokuta biyu, ko za a raba su?” Na biyu kuwa ta lura uwar ta fara amsawa tun kafin a gama tambaya, ta nemi hutu. Amsoshin da gajerun tambayoyin suka fito da su ba duka ne suka yi wa uwar daɗi ba. Mutumin ya zo sau biyu. Yaron yana kan shimfiɗarsa a falo. A zuwan farko ita ta buɗe ƙofa da hannunta, tana sane da cewa an hana. Wannan ya fito sarai, babu inda za a fake, kuma ya fi kowace “i” ta ruɗewa yi mata illa. A zuwa na biyu da mabuɗinsa ya shigo tana barci. Game da takardar, ta ɗaga katin “ban gane ba”, aka sake tambayar, sai ta ce ba ta san abin da ke ciki ba, an nuna mata wurin sa hannu ta sa. Ranakun asibiti kuwa a wasiƙa ake aiko su, wasiƙun suna cikin wata jaka a ƙarƙashin gado, ba a buɗe ba. Alƙali ya samu abin da yake buƙata domin yin hukunci, wato abin da ya faru, da mai daɗi da marar daɗi.

Babban abin da aikin ya sauya bai faru a gaban alƙali ba. Tun farkon shari'a an tambayi uwar ko akwai wani cikin danginta da take son a gabatar a matsayin madadin mai kulawa, ta ce “a'a”. An rubuta haka, aka wuce. A wani zama da lauyarta, lauyar ta so ta sake tayar da maganar, sai mai sada magana ta ɗauki takarda ta zana gidaje uku: gidan uwar, gidan baƙin da ba ta sani ba, da na uku babu kowa a ciki. Lauyar ta ce, “Ina nan ina nema miki gida na farko. Amma idan alƙali ya ce ba gidanki ba, wa kike so ya zauna a na uku?” Uwar ta daɗe tana kallon takardar. Ashe duk tsawon makonnin nan ta ɗauka cewa ambatar sunan wani daidai yake da cewa ta haƙura da ɗanta. Ta ambaci yayarta, wadda take zaune a wani gari mai nisan awa ɗaya a jirgin ƙasa, kuma ba ta ma san an kai ƙanwarta kotu ba, domin kunya ta hana a gaya mata.

An binciki yayar, aka same ta ta cancanta. A ƙarshe alƙali ya yanke cewa uwar ba za ta iya riƙe yaron ita kaɗai cikin aminci ba a yanzu, ya danƙa shi a hannun yayar da wani irin umurnin riƙo na musamman wanda ba ya yanke dangantaka. Uwar ba ta samu abin da ta zo nema ba, kuma ta yi kuka mai yawa. Bayan an tashi, mai sada magana ta bi da ita ta cikin hukuncin da zane da gajerun jimloli, sannan ta ce ta faɗa da bakinta. Ta ce, “Ba zai dawo wurina ba. Zai zauna wurin Yaya. Zan riƙa ganinsa ran Asabar. Har yanzu ni ce uwarsa.” Duk jimlolin huɗu daidai ne a doka.

Wannan aiki yana cin kuɗi da lokaci, kuma alƙalan Ingila ba su haɗu a kan iyakarsa cikin sauƙi ba. A watan Janairun 2024, a shari'ar wata uwa kurma, Mai shari'a Lieven ta Babbar Kotu ta bayyana cewa bai kamata a riƙa ɗaukar mai sada magana domin dukan zaman shari'a ba sai nadiran, tunda an horar da lauyoyi su sauƙaƙa maganarsu, alƙali ma yana iya sa ido. Hujjar tana da ƙarfi. Masu aikin kaɗan ne, jiran su yana iya ɗage shari'a, kuma duk makon da aka ƙara a kan 26 jariri ne yake biyansa da zaman rashin tabbas. Bayan wannan hukunci aka ga kotuna sun fara tsuke hannu. A watan Afrilun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a hukuncin da Mai shari'a Peter Jackson ya rubuta, ta mai da al'amarin kan ma'auni ɗaya: shin wannan mutum, a wannan shari'a, yana buƙatar taimakon domin a yi masa adalci? Idan yana buƙata a ba shi, babu wani sharaɗin sai nadiran da za a ɗora a kai.

Akwai dalilin da ya sa sauƙaƙa maganar lauyoyi kaɗai ba ya isa ga wasu, kuma dalilin yana cikin tsarin ɗakin kotun. Lauya tana fuskantar alƙali, tana saurare tana rubutu, wadda take karewa tana zaune a bayanta. Shaidar uwar awa biyu ce, amma shari'ar kwana huɗu ce, kuma a sauran lokacin ma'aikatan walwalar yara da likitoci suna faɗin abubuwa a kanta waɗanda ita kaɗai ta san ko haka suke. Idan ba ta bi maganar ba, ba za ta taɓa kafaɗar lauyarta ta ce wannan ba daidai ba ne. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a ɗakin nan mutum ɗaya ne kawai aikinsa kallon fuskarta.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai yana iya ganin nisan wannan labari, tunda matsalar da ya saba gani a kotu ta fi wannan fitowa fili: alƙali yana aiki da Faransanci, mai ƙara yana jin Hausa ko Zabarmanci, tafinta yana tsakani. Nijar tana da alƙalan yara ƙanana, kuma ta amince tun 2008 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda sashenta na 13 ya wajabta daidaita hanyoyin shari'a domin su, na 23 kuma ya hana raba yaro da iyayensa saboda naƙasa kawai. A 2025 aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa. Darasin uwar nan shi ne, ko da an wayi gari kowace kotu tana zama da Hausa, aikin bai ƙare ba, domin ita da alƙalinta harshe ɗaya suke yi. Hausar kotu tana da da'awa da bayyina da inkari, waɗanda ba a ji a bakin murhu. Yarinyar da aka tarbiyyantar a kan sunkuyar da kai gaban manya za ta ce “to”, kuma “to” ɗinta tana iya zama “na ji” kawai. Uwar da take kunyar ɗan fari ba za ta kama sunansa ba, ba za ta nuna ɗokinsa a gaban jama'a ba, kuma tafintan da yake juya kalmomi kaɗai zai bar mai sauraro ya ɗauki kunyar a matsayin rashin damuwa. Auna fahimta, warware jimla, sanin abin da amsa take aikatawa a bakin mai ita, duk waɗannan darussa ne da ake koyarwa a sashen kimiyyar harshe, ko da ba a ambaci kotu a ajin ba.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da sanin wani mataki da ake kira i'izari: kafin alƙali ya yanke hukunci a kan mutum, sai ya tambaye shi ko yana da sauran hujja ko abin da zai ce a kan shaidar da aka kawo. Suna ɗaukar wannan tambaya a matsayin sharaɗin ingancin hukunci. Amma tambayar tana tsaye ne a kan wani zato da ba a furtawa, cewa wanda ake tambaya ya gane abin da aka faɗa a kansa tun daga farkon zama. Wanda bai gane ba, idan aka ce masa “Kana da sauran magana?”, zai ce babu, a rubuta, a rufe kundi, alhali maganarsa tana nan ba a taɓa ta ba.